Jujin Kawu Arvel, Sunan Gwaggo Orlena

Duk wanda ya tashi a kwarinmu, nan cikin tsaunukan Ozark na ƙasar Amurka, ya san tsakar gidan Gwaggo Orlena Maggard. Babu ciyawa ko tsinke ɗaya. Ƙasa ce fes, an share ta har ta yi tauri, ga shatin tsintsiya a jere daga bakin ƙofa zuwa shinge. Yayar mahaifina ce, a hannunta na yi rabin ƙuruciyata, saboda haka na san tsintsiyar nan ta fuska biyu: na ga aikinta a ƙasa, na kuma ji aikinta a ƙwaurina. Kullum da sassafe, kafin ta ɗora gahawa a wuta, sai ta yi shara, tana tafiya da baya don kada ta bar sawunta. Kajinta ma sun san iyakarsu. In fasto zai zo cin abinci ranar Lahadi, ta jikin shinge yake raɓawa, don ya taɓa ratsawa ta tsakiya sau ɗaya, bai ji da daɗi ba.

Matan kwarin, in za su yi wa 'ya'yansu faɗa, cewa suke yi, "Je ki gidan Orlena ki ga yadda mutane ke zama." Ba ta da dukiya, ba ta yi karatu mai nisa ba, muryarta kuwa a coci gara ta yi shiru. Tsabtar nan ita ce abin taƙamarta a duniya, kuma ba wanda ya taɓa ja da ita a kai.

Sai Allah ya haɗa ta da Kawu Arvel.

Mutum ne mai sanyin hali. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma tun da aka haife shi bai taɓa jefar da komai ba. Ƙusa ta lanƙwashe, ya ajiye. Bokiti ya huje, ya ajiye. Akwai wani kwazazzabo bayan ɗakin da suke ƙyafe naman alade, daidai saitin tagar kicin. Mahaifinsa ne ya fara zuba gwangwanaye da fasassun kwalabe a ciki, shi kuwa Kawu da ya gaji gonar sai ya ɗauki jujin a matsayin amana. Nasa tarkacen bai ishe shi ba, har na mutane yake bi yana kwasowa. Tayoyi, bakin garma, gadon ƙarfe, ƙafar keken ɗinki, daga baya har da wata matacciyar akori-kura da aka jawo da alfadarai.

Na sha jin su ta taga ina wanke-wanke.

"Arvel Maggard, mene ne kuma wannan ka jajibo?"

"Murhu ne, Lena."

"Na ga murhu ne, ai ba makancewa na yi ba. Ina gindinsa?"

"Shi ya sa suka ba ni kyauta."

"To me za ka dafa a murhun da ba gindi? Iska?"

"Zai yi amfani wata rana."

"Ranar da zai yi amfani, ni na daɗe a ƙasa."

Sai ya yi murmushi, ya tura murhun cikin kwazazzabon, ya zo ya zauna ta zuba masa wake da gurasar masara. Haka suka tsufa. Gwaggo ba ta taɓa roƙonsa sabuwar riga ba, ba ta dame shi da zancen lantarki ba har ta zo da kanta. Abu ɗaya take so a rayuwarta: wata safiya ta buɗe tagar nan ta ga dutse da ciyawa.

Ban daɗe da auren Clovis ba gwamnatin tarayya ta gano cewa koginmu ya yi kyau da yawa, bai kamata a bar mana shi ba. Aka ce za a mai da kwarin gandun shaƙatawa na ƙasa baki ɗaya. Suka saye gonaki, wanda ya ƙi sayarwa kotu ta sayar masa. An yi kuka a kwarin nan. Mu aka tura mu bakin titi, wajen iyakar gandun. Waɗanda suka manyanta kuwa aka ce za su iya zama a gidajensu har su mutu, amma ƙasar ta zama ta Washington. Su Gwaggo suka zaɓi zama.

Kowa yana tsine wa masu malfa, haka muke kiran jami'an gandun saboda faffaɗar hularsu, ban da Gwaggo. Ita ta ga allunan da suka kakkafa a hanya, cewa duk wanda ya jefar da gwangwani ɗaya za a ci shi tara. Ta ce yau ta ga gwamnati mai hankali. Ta saka rigar zuwa coci, ta sa Clovis ya kai ta ofishinsu, ta kai ƙarar mijinta.

Aka turo wani Mista Hobart, dogo, mai magana a hankali. Kawu ya tarbe shi da fara'a, ya zagaya da shi jujin kamar mai nuna gonar auduga. Ashe mariƙin ƙofar motar Mista Hobart ya daɗe da karyewa, ya nemi sabo a ofis har ya gaji. Kawu ya shiga kwazazzabon, ya ɗan yi tono, ya fito da irinsa sak. Suka ɗaura shi tare, suka zo suka sha gahawar Gwaggo. Hukuncin da aka yanke shi ne, muddin Kawu yana raye, kayansa ne, sai dai kada ya ƙara. Da motar ta tashi Gwaggo ta dube ni ta ce, "Nelda, kin ga na kira likita, ya zo ya kamu da cutar."

Kawu ya yi tsawon rai, ya haura tamanin da yawa. Ya rasu a kujerarsa ta kan baranda, wani tsohon makulli a hannunsa yana ƙoƙarin tuna ko na mene ne. Kada kowa ya ce Gwaggo ba ta so shi ba. Ta yi kwanaki ba ta taɓa tsintsiya ba. Ranar da na shiga na tarar da busassun ganyaye a tsakar gidan, na zaci ita ma tafiya za ta yi. Ta zauna cikin hunturun nan shiru, ta rame. Amma da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho, sai ga wayarta.

"Nelda, ki ce wa mijinki ya zo da motarsa ranar Asabar. Ya aro ta ƙaninsa ma."

Muka je. Ta yi mana gurasa da zuma, ta ɗaura sabon ɗankwali kamar mai biki. Clovis ya ɗaga bakin garma ke nan zai jefa a mota, sai ga wata mai malfa ta sauko da gudu daga hanya tana ɗaga hannu. Renata sunanta, ba ta daɗe da zuwa ba, ita ce mai kula da kayan tarihi na gandun.

"Don Allah ku dakata! Baba, ajiye shi, a hankali, daidai inda ka ɗauke shi."

Gwaggo ta ce, "'Yar nan, sannu da zuwa. In taimako kika zo, ga safar hannu can."

"Mama, ba za a iya kwashe wannan ba."

"Me zai hana? Ga mota biyu."

"Doka ce. Duk abin da ya shekara hamsin a ƙasar tarayya ya zama kayan tarihi. Ɗauke shi laifi ne."

"Kayan me?"

"Tarihi, Mama."

"Wancan fa? Bokitin da ba gindi?"

"In ya kai hamsin, har shi."

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Ni na wuce tamanin a ƙasar nan. Wa ya taɓa zuwa da gudu a kaina?"

Renata ba muguwa ba ce, kada a ɗora mata. Ta ga yadda fuskar tsohuwar ta faɗa, sai ta nemo mata hanya. Ta ce abin da bai kai hamsin ba shara ne, gwamnati ma so take a kwashe shi. Sai dai dole a tabbatar da shekarun kowane abu kafin a taɓa shi. Wa zai tabbatar? Gwaggo ta ce, "Ni. Babu ƙusar da ta shiga ramin nan ba mu yi faɗa a kanta ba."

Haka muka cinye bazarar. A kafa mata kujera da laima a bakin kwazazzabon, Clovis ya ɗaga abu, Renata ta ɗauki hotonsa, ta kunna rikoda, wai don ta sami hujjar da za ta nuna wa manyanta. Faɗin shekara kawai ba ya isa, sai an faɗi yadda aka sani. Gwaggo kuwa abin nema ya samu.

"Wannan injin wankin, shekarar da Nelda ta faɗo daga kan alfadari ta karye ya kawo shi. Ya ce zai gyara mini kafin Kirsimeti. Bai dai faɗi wace Kirsimetin ba."

"Wannan gadon fa, Mama?"

"Na matar mai shagon gari ne. A kansa ta mutu. 'Ya'yanta suka ƙi shi, mijina ya ɗora shi a ka ya ratso gari da shi, ranar Lahadi, ana fitowa daga coci."

Renata tana dariya har da hawaye, Gwaggo tana ƙara wuta. Sau ɗaya kawai bakinta ya mutu. Clovis ya jawo wata tukunyar jan ƙarfe mai murɗaɗɗen bututu.

"Wannan fa, Mama?"

"Ban san shi ba."

Clovis ya ce, "Haba Gwaggo, ai tukunyar da Kawu yake..."

"Clovis, in ka ƙarasa maganar nan, ka gama cin wake a gidana."

Duk kwarin an san Kawu ya dafa barasar masara da ƙuruciyarsa, har dattawan coci sun saya. Gwaggo ce kaɗai ta yi shekara sittin tana nuna ba wanda ya sani.

Da kaka ta kama, an tsame abin da ya cika mota huɗu. Ba a bari mun kai bola ba, an ce sai takarda ta fito, aka kai su wani sito na gwamnati. Jujin bai tafi ba, amma ya rage, har wani farin dutse ya bayyana a gefe guda. Na taɓa shiga kicin na tarar da ita tsaye a taga, kwano a hannu, tana kallon dutsen nan tana murmushi. Na koma da baya.

An fi shekara biyu kafin amsa ta zo. Renata ce ta kawo ta da kanta, malfarta a hannu, ta kasa zama.

"Mama, an ji muryarki a Washington."

"To madalla. Yaushe za a kwashe sauran?"

Ba za a kwashe ba. Manyan sun saurari kaset ɗin, sun ce a duk faɗin ƙasar babu wani juji da aka san labarin kowane gwangwaninsa irin wannan. Sun ce taska ce. Kayan da ke sito kuwa, kafin takarda ta je ta dawo wasu sun cika hamsin, sauran kuma aka ce raba su da 'yan uwansu zai ɓata tarihin. Da idona na ga ƙarti huɗu da fararen safar hannu sun sauke injin wankin nan, suna duba hoto, suna gyara masa zama don ya karkace daidai yadda ya karkace a da. Kafin la'asar farin dutsen ya ɓace.

Clovis, da bakinsa ba ya da birki, ya ce, "Gwaggo, ashe Kawu gaskiya ya faɗa. Ga shi ya yi amfani." Ba ta sake yi masa magana ba sai da Kirsimeti.

Aka kewaye kwazazzabon da shinge mai kyau, wanda ya fi na gidan. Aka sharo ƙaramar hanya daga bakin kogi. A taswirar da suke raba wa baƙi, wadda ta jera duk wuraren da tarayya ke karewa a jiharmu, tsakanin filin yaƙin basasa da tsohon sansanin soja, ga ɗigon jujin Kawu. Sannan aka kafa allo, dogo, da manyan baƙaƙe: Jujin Gidan Orlena Maggard. Ƙa'idarsu ce a sa wa wuri sunan wanda ya zauna a cikinsa na ƙarshe, ga shi kuma muryarta ce hujja. A ƙasan sunan aka rubuta cewa a nan za a ga yadda matan tsauni suke zubar da sharar gidajensu. Hoton tukunyar jan ƙarfen ne a tsakiya. Akwai kuma maɓalli, in ka danna sai ka ji Gwaggo tana ba da labarin gadon matar mai shago.

Baƙi suka fara zuwa, da gajerun wanduna da kyamara. Hanyar ba ta tsakar gidan ta bi ba, amma ta nan ta fi kusa, kuma ba wanda ya ga dalilin zagaye fili wanda babu komai a cikinsa. Ta koma shara sau uku a yini. In ta gama sai ta jingina da shinge, duk wanda ya wuce ta ce masa, "Ba nawa ba ne. Na mijina ne." Su kwashe da dariya, su roƙe ta a ɗauki hoto tare.

Wata rana ina nan wata mata 'yar birni ta tsaya da 'yarta a gaban allon. Ba ta san wace ce tsohuwar da ke gefe ba. Ta ce wa yarinyar, "Kin gani ko? Haka mutanen da suke zama, ba su san tsabta ba. Shi ya sa nake ce miki ki gyara ɗakinki." Na yunƙura zan wanke matar nan tas, Gwaggo ta riƙe mini hannu. Ta shiga gida, ta ciro wani tsohon zanen gado, ta rataya a tagar kicin. Daga ranar a duhu take wanke-wanke. Na ga mutuwa iri-iri a danginmu, amma babu abin da ya taɓa ƙona mini rai kamar labulen nan.

Renata ta rubuta takarda tana roƙon a canza sunan zuwa na Kawu. Aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata jiha kafin amsa ta zo. Har yau amsar tana hanya.

Gwaggo ta haura casa'in kafin ciwo ya kwantar da ita. Hankalinta kuwa garau. Wata safiya ina ba ta romo ta ture cokalin.

"Nelda, hau tudu wajen kawunki. Ki tsaya a gefen da aka bar mini, ki dubi gabas, ki zo ki faɗa mini abin da kika gani."

Maƙabartar Maggard tana kan wani ɗan tudu yamma da gidan. Mu a nan ƙafafun mamaci gabas ake sawa, don ranar tashin matattu ya miƙe yana fuskantar inda Ubangiji zai bayyana. Na hau, na tsaya, na dubi gabas. Ga jujin nan da allonsa daidai saitina. Na dawo na zauna.

Ta ce, "Na sani. Tun ranar da muka kai shi na lura. A juya ni."

"Gwaggo, ai waɗanda aka rataye ake juyawa."

"Ko ma su waye. In tashi ina duban yamma, na juyo daga baya. Ubangiji zai gane, shi ma yana ganin jujin."

"Me fasto zai ce?"

"Turo mini shi."

Fasto ya zo, ya kawo ayoyi, ya fita ya amince. Na yi mata alkawari, ta saki hannuna, ta sha romon. Ba ta ƙara mako biyu ba.

Abin da ba mu sani ba, maƙabartar ma kayan tarihi ce. Ba a haƙa rami a cikinta sai da izini, kuma izinin ya zo da sharaɗi: sabon kabari dole ya bi tsarin tsofaffin, don kada a ɓata al'adar mutanen tsauni. Na yi kuka a ofishin nan, na yi masifa, na ce mu ne mutanen tsaunin. Suka yi mini ta'aziyya da ladabi, suka ba ni ruwa. Mai malfa guda ya zo jana'izar, ya tsaya daga baya da malfarsa a ƙirji, ya kuma ga yadda aka sa akwatin. Aka kwantar da ita a gefen Kawu, ƙafafu gabas.

Da wata ya zagayo na shiga daji da shebur, na tono ɗan itacen al'ul, wannan da ba ya zubar da ganye ko cikin hunturu. Clovis ya tare ni a ƙofa. Mutanenmu sun yi imani cewa wanda ya dasa al'ul, ranar da inuwarsa ta isa rufe kabari, ranar zai mutu. Na ce masa ya matsa, ai ba ni da niyyar dawwama. Na dasa shi a ƙafafun Gwaggo, wajen shingen maƙabartar kaɗan.

Doka ta ce duk shukar da ba ta cikin tsofaffin hotuna a tumɓuke ta. Wani sabon mai malfa ya same ni a wurin ina ba shi ruwa.

"Mama, wannan itacen da can yana nan?"

"Tsuntsaye ne suka kawo shi."

Ya dubi ɗanyar ƙasar da ke gindinsa, ya dubi jarkar da ke hannuna, ya ɗaga kai ya ce da alama za a yi ruwa. Ya tafi, bai sake bi ta tudun ba.

In itacen nan ya lallaɓa ya kai hamsin, su da kansu za su yi masa shinge, su ci tarar duk wanda ya karya masa reshe. Ni ba zan gani ba, na riga na wuce saba'in, gwiwoyina kuma sun fara ƙin tudu. Amma duk Asabar ina hawa da jarkata. In na gama ba shi ruwa sai in tsuguna a wajen kanta, in yi ƙasa-ƙasa, in dubi gabas. Bana ya wuce kafaɗata, ya kusa rufe jujin. Allon ne ya rage, shi ya fi tsawo.